Tambayoyi da Amsoshi Kan Sassan Manhajar Tsara Jadawalin Ayyuka a Kwamfutocin Menfirem

Manyan bankuna, kamfanonin inshora, kamfanonin jiragen sama da hukumomin haraji da dama har yanzu suna rufe lissafinsu na yini a kan babbar kwamfutar nan da ake kira menfirem, wadda galibi ƙirar IBM Z ce mai aiki da babbar manhajar z/OS. Da rana kwamfutar tana amsa buƙatun masu hulɗa ɗaya bayan ɗaya, amma da dare sai ta koma kan ayyukan tari, wato waɗanda ake tara bayanansu a sarrafa su gaba ɗaya ba tare da mutum ya zauna a gaban allo ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi manhajar da ke kula da jerin waɗannan ayyuka, da sassan da suka haɗa ta.

Mece ce manhajar tsara jadawalin ayyuka, kuma mene ne ainihin aikinta?

Manhaja ce da ke yanke hukuncin wane aiki za a gudanar, yaushe, bayan wane, da kuma abin da za a yi idan ya lalace. A babbar cibiya ayyukan dare kan kai dubbai, kuma kusan kowanne yana jiran wani: ba a lissafa kuɗin ruwa sai an gama shigar da cinikin yini, ba a buga bayanan asusu sai an gama lissafin kuɗin ruwa, haka abin yake sarƙe har zuwa asuba. A zamanin menfirem ɗin System/360, wadda IBM ta sanar a watan Afrilun 1964, ma'aikatan ɗakin kwamfuta ne ke riƙe wannan jeri a takarda da kuma a ka, suna zuba katuna masu huji a na'urar karantawa bi da bi. Da ayyuka suka yi yawa har takarda ta gaza, sai aka mayar da jerin cikin manhaja.

Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin agogo mai ƙararrawa, alhali lokaci shi ne mafi ƙanƙantar abin da take lura da shi. Babban amfaninta shi ne riƙe sahihin bayani a kan abin da ya gudana, abin da ke gudana, da abin da har yanzu ake bin daren bashi.

Tunda z/OS tana da JES2, me ya sa ake buƙatar wata manhajar dabam?

JES2 shi ne sashen z/OS da ke karɓar aiki, ya ba shi lamba, ya ajiye shi a layi bisa ajinsa da fifikonsa, ya miƙa shi ga mai tayar da aiki, wato gurbin da z/OS ke gudanar da aiki ɗaya a cikinsa a lokaci guda, idan wuri ya samu, sannan ya adana abin da aikin ya fitar. Asalinsa HASP ne, wanda ma'aikatan IBM suka rubuta a cibiyar NASA da ke Houston a shekarun 1960. Ɗan'uwansa JES3 ya fito ne daga ASP, kuma IBM ta daina haɗa shi da babbar manhajar tun daga z/OS 3.1 ta shekarar 2023.

Abin da JES2 ya sani shi ne aikin da aka riga aka miƙa masa. Bai san cewa gobe ƙarshen wata ba ne, bai san cewa akwai fayil da ake jira daga wani banki ba, kuma ba ya tuna cewa aikin jiya bai kammala ba. Gaskiya ne tun daga z/OS 2.2 ta 2015 an ƙara masa hanyar haɗa ayyuka rukuni guda da umarnin JOBGROUP, inda za a ce wannan ya bi bayan wancan, amma hakan bai kai ga kalanda, tarihi da tsarin farfaɗowa da babbar cibiya ke buƙata ba. Saboda haka manhajar jadawali tana zama a saman JES2: ita ke zaɓar lokacin miƙawa, shi ke gudanarwa.

Waɗanne manhajoji ne aka fi sani a wannan fanni?

Akwai ta IBM kanta, wadda ta fara da suna OPC, ta koma Tivoli Workload Scheduler, yanzu kuma ake kiranta IBM Z Workload Scheduler. Akwai CA 7, wadda ta fara a matsayin UCC-7 kafin Computer Associates ta sayi kamfanin Uccel a 1987, sannan ta koma hannun Broadcom da ta sayi CA a 2018. ESP ta fito daga kamfanin Cybermation na Kanada, ita ma yanzu tana hannun Broadcom. Control-M kuwa a Isra'ila aka ƙirƙire ta, BMC ta mallake ta a 1999 lokacin da ta sayi New Dimension Software. Sunayen sassan sun bambanta daga wata zuwa wata, amma aikin da sassan ke yi kusan iri ɗaya ne.

A ina ake adana bayanin kowane aiki?

A rumbun bayanan manhajar. A nan ake rubuta sunan aiki, ɗakin karatun da umarninsa yake, wato fayil ɗin da ake tara umarnin ayyuka a ciki, ranakun da ya kamata ya gudana, ayyukan da yake jira, kayan da yake buƙata, tsawon lokacin da ya saba ɗauka, da sashen da za a kira idan ya mutu cikin dare. Manhajar IBM tana tara ayyuka masu alaƙa a ƙarƙashin bayani guda, Control-M tana tara su a tebur, ita kuwa CA 7 tana bai wa aiki ɗaya lambobin jadawali dabam-dabam domin ya bi wani tsari a ranakun mako, ya bi wani a ƙarshen wata.

Wannan rumbu shi ne dukiyar cibiya ta gaske. A cikinsa ne ilimin shekaru talatin ko arba'in yake kwance, kuma sau da yawa wanda ya rubuta wani sharaɗi ya daɗe da yin ritaya, babu kuma wata takarda da ta bayyana dalilinsa. Shi ya sa sauya sheƙa daga wata manhajar jadawali zuwa wata yake ɗaukar watanni ko shekaru: girka sabuwar ba shi da wuya, fassara tsoffin sharuɗɗan ba tare da an yar da ko ɗaya ba ita ce wahalar.

Me ya sa kalanda take da sashe nata na musamman?

Saboda kasuwanci ba ya bin ranakun wata yadda suke a jikin bango. Idan aka ce a gudanar da aikin albashi a ranar aiki ta ƙarshe ta kowane wata, manhajar tana buƙatar sanin ranakun hutun mako, ranakun hutun ƙasa, da ƙa'idar da za ta bi idan ranar ta faɗa a hutu: ta ja aikin baya, ta tura shi gaba, ko ta tsallake shi. A ce 31 ga wata ta faɗa a Lahadi, to ranar aiki ta ƙarshe ita ce Juma'a 29, kuma duk ayyukan da ke rataye da na albashi dole su matsa tare da shi. Cibiyar da ke aiki a ƙasashe da yawa tana riƙe kalandu da yawa, domin ranar da ake hutu a London ana iya kasancewa ana ciniki a New York. Inda kuma ake hutun Sallah, wanda ganin wata ke tabbatar da shi kuma hukuma kan sanar da ranakunsa kwanaki kaɗan kafin lokaci, dole a gyara kalandar a kurarren lokaci sannan a sake fitar da tsarin da aka riga aka gina a kanta.

Akwai wani batu da kan rikita sabon ma'aikaci, wato iyakar yini. Ranar manhajar ba lalle ta fara da ƙarfe 12 na dare ba, domin cibiyoyi da yawa suna sa ta fara da safe. Aikin da ya tashi da ƙarfe 2 na daren da zai wayi Asabar yana ɗauke ne da kwanan kasuwancin Juma'a, kuma wannan kwanan za a buga a rahotonsa. Mai jin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, tunda mu ma idan muka ce daren Juma'a, daren da ya biyo yinin Alhamis muke nufi. Inda rana take farawa yarjejeniya ce, kuma wajibi ne manhajar da masu shirye-shirye su tsaya a kan guda.

Mene ne bambancin tsarin dogon zango da tsarin yau?

Manhajar IBM tana haɗa rumbun bayanai da kalanda ta fitar da tsarin dogon zango, wanda ke nuna abin da zai gudana a kowace rana ta makonni ko watanni masu zuwa. Daga cikinsa ake yanko tsarin yanzu, wanda yawanci yakan rufe sa'o'i 24, kuma shi ne mai rai: kowane aiki yana da matsayi a ciki, ko yana jira, ko ya shirya, ko yana gudana, ko ya kammala, ko ya mutu. Control-M tana yin makamancin haka da tsarinta na sabuwar rana, wanda ke share ayyukan da suka ƙare daga fayil ɗin ayyuka masu rai ya zuba na yau. CA 7 tana leƙa jadawali lokaci-lokaci, ta kwaso ayyukan da lokacinsu ya gabato ta sa a layin buƙata, daga nan su wuce layin waɗanda suka shirya, sannan layin masu gudana.

Amfanin wannan rabuwa shi ne ana iya gyara aikin daren yau kaɗai, a riƙe shi ko a tsallake shi, ba tare da an taɓa ƙa'idarsa ta dindindin ba.

Ta yaya take sanin cewa lokacin tayar da aiki ya yi?

Tana duba sharuɗɗa, kuma sai duk sun cika. Na farko shi ne magabata, wato ayyukan da dole su kammala lafiya tukuna. Na biyu shi ne lokaci, kamar a ce kada ya tashi kafin ƙarfe 10 na dare. Na uku shi ne aukuwar wani abu daga waje, galibi isowar fayil: idan wani banki ya turo fayil ɗin biyan kuɗi aka rufe shi bayan rubutawa, z/OS tana rubuta shaidar hakan, manhajar kuma ta gani ta saki aikin da ke jiransa. Akwai kuma sharaɗin hannu, inda sai wani jami'i ya tabbatar da cewa alƙaluma sun daidaita.

Control-M tana bayyana dogaro ta hanyar sharuɗɗan shiga da na fita: aiki yana ƙarewa ya ajiye wata alama mai kwanan wata, wani kuma yana jiran wannan alamar. Kwanan watan nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin kuskuren da ya fi ɓoyuwa a wannan fanni shi ne aikin yau ya gamsu da kammalawar magabacinsa na jiya, ya tashi ya sarrafa tsohon bayani, ya kuma ƙare ba tare da wata alamar matsala ba.

Mene ne aikin sashen kula da kayan aiki?

Yana hana ayyuka yin rububin abu ɗaya. Wasu kayan ana ƙirga su: idan na'urorin tef goma ne kuma kowane aiki yana buƙatar biyu, ba za a saki fiye da biyar a lokaci guda ba. Wasu kuma ana riƙe su ne ko dai a keɓe ko a tarayya, ta yadda masu karanta fayil za su iya haɗuwa, amma mai rubutawa sai shi kaɗai. Sau da yawa kayan suna ne kawai da aka ƙirƙira don wakiltar wani yanayi, misali cewa an rufe fayilolin CICS, manhajar da ke amsa buƙatun rana, daga masu hulɗa, don haka aikin tari zai iya taɓa su. Ita ma z/OS tana hana karo a kan fayil, sai dai tana yin haka ne bayan aikin ya riga ya kama gurbin mai tayar da aiki, ya zauna yana jira ya tare wa wasu hanya. Riƙe shi tun a wurin manhajar jadawali ya fi sauƙi.

Yaya ake miƙa aikin ga kwamfutar?

Kowane aiki an rubuta shi da JCL, harshen umarni da ya zo tare da OS/360, babbar manhajar System/360, mai manyan jimloli uku: JOB mai gabatar da aikin, EXEC mai kiran shiri a kowane mataki, da DD mai bayyana fayiloli. Har yau layinsa gurbi 80 ne kamar katin da ya gada, sunan aiki ba ya wuce harafi 8, kuma aiki ɗaya ba ya wuce mataki 255. Manhajar jadawali tana ɗauko kwafin JCL daga ɗakin karatu, ta cike guraben da aka bar mata, kamar kwanan kasuwanci wanda a Control-M ake rubuta shi %%ODATE, ta saka ko ta cire wasu matakai bisa ranar da ake ciki, sannan ta miƙa shi ga JES2 ta hanyar abin da ake kira mai karatu na ciki, sunan da ya rage daga zamanin katuna.

A nan ne batun tsaro yake shigowa. Manhajar tana miƙa ayyuka a madadin sassa dabam-dabam, don haka ana ba ta izinin wakilci a manhajar tsaro ta RACF, ta ajin SURROGAT, ko makamancinsa a takwarorinta ACF2 da Top Secret. Ma'anar wannan ita ce duk wanda zai iya gyara JCL ko jadawali yana iya gudanar da abu da ikon da ba nasa ba, shi ya sa masu binciken lissafi suke matsa lamba a kan wanda ke da izinin gyara da kuma rajistar da ke nuna wa ya canza me.

Ta yaya take gane cewa aiki ya ƙare, kuma ya ƙare lafiya?

Akwai sashen bin sawu a kan kowane tsarin z/OS da ayyuka ke gudana a kansa. Yana samun labari daga ƙofofin da JES2 da SMF suka tanada, SMF kuwa shi ne sashen da ke rubuta shaidar duk abin da ya faru a kwamfutar. Shaida nau'i na 30 tana ɗauke da farawa da ƙarewar aiki da matakansa, nau'i na 15 kuma yana nuna rufe fayil ɗin da aka rubuta. Mai bin sawu yana aika waɗannan labarai ga sashen jagora, wanda shi ke sabunta tsarin yau ya saki mabiya.

Kowane mataki yana barin lambar sakamako. A al'ada 0 na nufin lafiya, 4 gargaɗi ne, 8 kuskure, 12 da 16 kuma kuskure mai tsanani. Al'ada ce kawai, domin akwai shirin da ke mayar da 4 don ya ce bai sami bayanin da zai sarrafa ba, wanda a wani aikin ba komai ba ne, a wani kuwa alamar cewa fayil bai iso ba. Saboda haka ake rubuta wa kowane aiki lambar da za a amince da ita.

Idan aiki ya mutu a tsakiya fa?

Mutuwar ba-zata tana zuwa da lambarta, kuma ma'aikatan dare sun haddace na yau da kullum. S0C7 na nufin an sami abin da ba lamba ba a gurbin da shiri ke tsammanin lamba. S806 na nufin ba a sami shirin da aka kira ba. SB37 da danginsa SD37 da SE37 na nufin wurin da aka ware wa fayil ya cika. S322 na nufin aikin ya cinye lokacin da aka ƙayyade masa. Manhajar tana tsayar da duk mabiyan aikin, ta tura saƙo, sauran rassan da ba su da alaƙa kuma su ci gaba.

Sake tayarwa ita ce mai wuyar. A ɗauki aiki mai mataki biyar da ya mutu a na uku. Mataki na biyu ya riga ya ƙirƙiri sabon zubi na wani fayil mai tsatso, irin wanda ake kira GDG, inda +1 ke nufin sabon zubi, 0 ke nufin na yanzu. A cikin aikin farko mataki na uku yana karanta wannan zubi da +1, amma idan aka sake miƙa aikin, zubin ya riga ya zama 0, kuma +1 zai nuna wani da babu shi. Ga kuma fayil ɗin da mataki na uku ya fara rubutawa bai gama ba, wanda idan ba a share shi ba zai yi karo da sabon. Wannan gyara shi ne aikin sashen sake tayarwa, wato CA 11 a wajen masu CA 7, Control-M/Restart a wajen BMC, da sashen sake tayarwa da tsaftacewa a manhajar IBM. Suna duba tarihin gudun da ya gabata, su zaɓi matakin da za a faro, su share abin sharewa, su daidaita lambobin zubi.

Akwai iyakar da ba sa tsallakewa. Idan shirin ya riga ya tabbatar da rabin canje-canjensa a rumbun bayanai na Db2 ko IMS, manhajar jadawali ba za ta iya janye su ba. Dole ne shirin kansa ya kasance yana ajiye alamar inda ya tsaya, in ba haka ba sake gudanarwa zai zuba wa wasu asusun kuɗin ruwa sau biyu.

Me ma'aikacin dare yake kallo a allonsa?

Tsofaffin hannu suna amfani da allon ISPF mai rubutu zalla tare da SDSF don karanta abin da aiki ya fitar, yayin da sababbin fuskoki na burauza ke zana sarƙar ayyuka kamar taswira. Abin da ya fi damun mai kula shi ne silsila mafi tsawo, wato jerin ayyukan da jinkirin minti ɗaya a cikinsu ke jinkirta ƙarshen daren gaba ɗaya. Manhajar tana amfani da tarihin tsawon kowane aiki ta yi hasashen ko za a gama kafin buɗe rassan cibiyar, kuma wasu suna iya neman WLM, sashen z/OS mai rabon ƙarfin kwamfuta, ya ɗaga darajar aikin da ya makara.

Shin tana kula da ayyukan da ba a menfirem suke ba?

Tana kula da su ta hanyar wakilai, ƙananan shirye-shirye da ake girkawa a kwamfutocin Linux, Unix da Windows, da masu haɗi zuwa manhajoji irin su SAP da ayyukan girgije. Da haka aikin menfirem zai iya jiran wani da ke gudana a wata na'ura a wani gari, duk a cikin tsari guda.

Idan manhajar jadawalin ce da kanta ta faɗi, me ke faruwa?

An tanadi kariya iri biyu. Ta farko ita ce rajistar da ake rubuta kowane canjin matsayi a ciki, domin a sake gina tsarin yau daga kwafinsa na ƙarshe. Ta biyu ita ce jagora na jiran ko-ta-kwana a wani tsarin z/OS cikin Parallel Sysplex, haɗakar da IBM ta fito da ita a 1994 mai iya ɗaukar tsarin z/OS har 32, wanda ke karɓar ragama idan na farko ya tsaya. Masu bin sawu suna ci gaba da tara labarai a wannan tsakani, su miƙa idan sabon jagora ya tashi.

Wannan kariya tana maganin faɗuwar na'ura, amma ba ta maganin lalacewar bayanin tsarin kansa, kuma abin da ya sami rukunin bankin RBS a Birtaniya ya nuna haka. A watan Yunin 2012 sashen fasaha na rukunin ya sabunta manhajar da ke tsara ayyukan dare, da aka ga matsala sai aka janye sabuntawar ba tare da an gwada abin da janyewar za ta haifar ba, alhali sabon zubin bai dace da tsohon ba. Ayyukan dare suka rikice, ma'aikata suka koma tantance wane ya gudana wane bai gudana ba, kowane sabon dare kuma yana ƙara nasa tarin a kan na baya. Masu hulɗa da NatWest, RBS da Ulster Bank fiye da miliyan 6.5 abin ya shafa, wasu sun kasa ganin albashinsu ko biyan bashin gida a kan lokaci, na Ulster Bank kuwa sai da suka shafe makonni kafin al'amura su daidaita. A watan Nuwamban 2014 hukumomin FCA da PRA, masu sa ido a kan bankuna a Birtaniya, suka ci bankunan tarar fam miliyan 56, miliyan 42 daga ta farko da miliyan 14 daga ta biyu.